Wasiƙa kan yanka wa kayan fata farashi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ga saƙonka cewa jakunkuna suna tafiya amma jari ba ya motsi. Ina ganin matsalar a lissafi take, don ɗinkinka ba shi da makusa.

Fara da fatar. Ana sayar da ita da ƙafa murabba'i, amma ba duka take shiga aiki ba: gefen ciki yana saki, wuya yana da tamoji, ga tabo da huji. In ka sayi ƙafa 20, 15 kaɗai suka yanku, to da 15 za ka raba kuɗin. Ka ga kowace ƙafa ta ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Sai ka haɗa zare, gam, rini, zif, maɓalli da shafin ciki, har da ledar naɗewa.

Inda dukawa suka fi cutar kansu shi ne ladan hannu. Don Allah kada ka kira shi riba. Sa agogo a gabanka, ka auna yanka, fiƙe baki, huda, ɗinki da gugar gefe, kowanne daban. Ɗinkin allura biyu da gugar gefe ke cinye lokaci, su kuma aka fi mantawa. Yi guda biyar a jere ka raba awannin gida biyar, domin na farko kullum ya fi jan lokaci. Sannan ka yanka wa awarka kuɗin da zai riƙe gida.

Haya, wuta da wuƙaƙen da ke cinyewa, tara na wata ka raba kan adadin da kake sayarwa. Duk wannan uwar kuɗi ce. A kanta riba take hawa, ka sami farashin sari. Na ɗai-ɗai yawanci ninkinsa ne, kuma kada ka karya shi, in ba haka ba masu saro kayanka su gudu.

Kula da la'ada. In dillali yana cire kashi 20 cikin 100, kai kuma 100 kake so, 125 za ka faɗa. In ka ce 120, zai cire 24, ka tashi da 96.

Aikin oda kuwa, karɓi rabin kuɗi kafin wuƙa ta taɓa fata, musamman in za a buga suna, don ba wanda zai saye shi in mai shi ya fasa.

Aiko min da lissafin jaka ɗaya mu duba tare. Ka gaida mutan gida.

Naka har kullum.