Kawu Ya Ce Rigar Steaua, Ashe Steaua Biyu Ce

Bukarest, Romaniya.

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ka ce musu ina nan ƙalau. Sanyin da na dame su da kukansa ya wuce, yanzu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, mai azumin nafila a nan sai ya ɗaure. Kuɗin maganin Inna na turo ranar Litinin, in sun shigo ka sanar da ni.

Dalilin wannan doguwar takarda Kawu ne. Wata uku ke nan yana aiko mini da saƙon murya cewa in sayo masa rigar Steaua, ƙungiyar ƙwallon ƙafar da ya ce ita ta fara sa shi sanin akwai wata ƙasa Romaniya a duniya. Na san ya fara cewa yaron nan ya shiga Turai ya manta da mutane. Wallahi ba mantuwa ba ce, kuma ba rowa ba. Ka karanta masa wannan a tsanake, don bayanin ya fi ƙarfin saƙon waya.

A siton da nake aiki akwai wani dattijo mai tuƙa motar ɗaga kaya, ya yi aikin soja a ƙuruciyarsa, da wani saurayi sa'ana da muke ɗaure kwalaye tare. Ranar nan muna hutun cin abinci na tambaye su ina ake sayar da rigar Steaua. Ashe gidan rina na taɓo. Saurayin ya ce in je shagon ƙungiyar FCSB. Dattijon ya ajiye burodinsa, ya ce waccan ba Steaua ba ce, Steaua tana unguwar Ghencea inda sojoji suka haife ta. Har aka koma aiki ba su daina ba, ni mai tambaya an ma manta da ni.

Ga yadda abin yake. Rundunar sojan ƙasar ce ta kafa ƙungiyar ranar 7 ga Yuni, 1947. Ta sauya suna sau biyu kafin 1961 a raɗa mata Steaua, wato tauraro, launinta ja da shuɗi. A zamanin gurguzu kowace babbar ƙungiya tana da ubangida a gwamnati. Steaua ta soja ce, Dinamo ta ma'aikatar cikin gida, wato ta 'yan sanda, Rapid kuwa ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce tun 1923. Magoya bayan Dinamo da bakinsu suke kiran kansu jajayen karnuka, suna alfahari da sunan. Ranar da na fara ji sai da na sake tambaya, na zaci zagi ne.

Dattijon bai ɓoye mini yadda soja ke tara 'yan wasa ba. Tun da aikin soja dole ne a kan kowane namiji, yaron da ya yi fice a wani gari ana iya kiransa hidimar ƙasa, sai a gan shi sanye da ja da shuɗi. Ga kuma Valentin, ɗan shugaba Ceaușescu, da ya tsaya wa ƙungiyar a shekarun 1980. Gheorghe Hagi ma aronsa aka yi daga wata ƙungiyar ɗalibai don wasa ɗaya tak a farkon 1987, ya ci ƙwallon da ta ba su kofin Super Cup a kan Dynamo Kiev, aron kuma bai koma ba. Daga 1986 zuwa 1989 sun yi wasa 104 a gasar lig ba a doke su ba. Na ce wa dattijon ai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Da na fassara masa ya yi dariya, ya ce to a Sevilla wace uwa ke gare su?

Nan fa, Yaya, sai ka yi haƙuri, don na san kai da Barcelona sai Allah. Ranar 7 ga Mayu, 1986, wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, a Sevilla, cikin ƙasar Sifen, filin cike da mutanen Barcelona, 'yan Romaniya kuwa ba a barinsu fita ƙasa yadda suka ga dama, don haka 'yan tsiraru ne suka je. Aka yi minti 120 babu ci. Aka zo bugun fenariti. Steaua ta ɓarar da biyun farko, golan Barcelona ya tare su. Amma nasu golan, Helmuth Duckadam, ya tare na farko, ya tare na biyu, ya tare na uku, ya tare na huɗu. Lăcătuș da Balint suka zura nasu, aka tashi 2 da 0. Barcelona guda, a ƙasarsu, ko ɗaya ba ta shiga raga ba. Steaua ce ƙungiya ta farko daga gabashin Turai da ta ɗaga wannan kofi, kuma babu baƙo ko ɗaya a cikinta, duk 'yan ƙasa ne, har kocinsu Emerich Jenei. Dattijon yana ba ni labarin yana kwaikwayon faɗuwar golan, uku dama ɗaya hagu, a tsakiyar sito, sai da shugaban aikinmu ya leƙo.

Abin tausayi, makonni kaɗan bayan wannan dare jini ya daskare wa Duckadam a hannu, aka yi masa aiki, bai sake tsaron raga a babban mataki ba. Ya rasu a Disambar 2024, ina nan garin. A cikin waɗanda suka buga wasan akwai Bölöni, likitan haƙori ne, shi ne daga baya ya zama kocin Sporting ya fara saka Cristiano Ronaldo a babbar ƙungiya. Ka gaya wa yaran gidan kallo wannan, na san ba su sani ba. Wasan da Kawu ya ce ya kalla a talabijin ɗin maƙwabta kuwa na 1989 ne, da AC Milan ta ba su 4 da nema, Gullit biyu, Van Basten biyu. A Disambar shekarar aka kifar da Ceaușescu, ƙofa ta buɗe, manyan 'yan wasan suka watse Turai, Hagi ya tafi Real Madrid.

Rigimar ta samo asali ne daga 1998, lokacin da aka raba sashen ƙwallo da rundunar soja ya koma hannun 'yan kasuwa. A 2003 wani attajiri, Gigi Becali, ɗan gidan makiyayan tumaki da ya yi arziki da harkar filaye, ya karɓe ta. Aka ci gaba da wasa da suna ɗaya, tambari kusan ɗaya, har sun kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA a 2006. Sai sojoji suka kai ƙara cewa sunan da tambarin nasu ne, ba su taɓa sayarwa ba. A Disambar 2014 babbar kotu ta ba su gaskiya. Wasan da ya biyo baya ƙungiyar ta fito an rufe tambarin ƙirjinta, a allon filin kuma maimakon suna sai aka rubuta "Gazde". Ka san ma'anarsa? Masu gida. Da saurayin ya faɗa mini na yi dariya har da hawaye, na ce mu a Kano kirari ne wannan, Pillars muke yi wa, ku kuma nan rashin suna ne ya jawo muku.

A 2017 ta Becali ta koma FCSB, haruffa huɗu kawai. A shekarar kuma sojoji suka tada tasu ƙungiyar da sunan Steaua, suka faro daga rukuni na huɗu, suka hau har na biyu a 2021. A nan suka tsaya, don doka ba ta yarda ƙungiyar da ke ƙarƙashin ma'aikatar gwamnati kai tsaye ta hau babban rukuni ba, ko da ta ci maki nawa. Na ce a raina, da a gida aka kafa wannan doka, ƙungiyoyi nawa za su rage a Firimiyar Najeriya? Kofunan ma an yi shari'a a kansu. Kotun ƙasar ta ce tarihin 1947 zuwa 1998 na sojoji ne, hukumar UEFA kuma a lissafinta FCSB ce ta ci gaba daga waccan. Kai ka san rabon gadon gidan su marigayi maƙwabcinmu, wani ya tafi da takardar gida, wani ya tafi da gona da shanu, kowa yana cewa shi ne magajin. To haka.

Don kada in yi hukunci da jin kunne, na je duka biyun. Na hau taragon lamba 41 har ƙarshensa a Ghencea. Sabon fili ne, an buɗe shi a 2021, yana ɗaukar mutum wajen dubu 31, amma ranar da na je kujeru sun fi mutane yawa nesa ba kusa ba. Sai dai 'yan ɓangaren kudu, Peluza Sud, waɗanda suka bi sojoji, ba su yi shiru ba minti casa'in, suna waƙa kamar kofin duniya ake bugawa. Akwai abin da ya taɓa ni a wurin, mutum ya san ƙungiyarsa ba za ta hau ba, ya kuma fito cikin iska yana tsalle.

FCSB kuwa na gan ta a Arena Națională a ƙarshen Janairun 2025, daren da Manchester United ta zo. Tikitin ya ci mini kuɗin cefanen sati, sanyi kamar zai cire kunne, fili mai ɗaukar sama da dubu 50 ya cika maƙil. United ta ci 2 da nema, Dalot da Mainoo. Wannan ƙungiya ba irin ta 1986 ba ce, an gauraya. A lokacin kyaftin ɗinsu Olaru ɗan ƙasa ne, amma a masu tsaron baya akwai Ngezana ɗan Afirka ta Kudu da Dawa ɗan Kamaru, a tsakiya akwai wani ɗan Gana, Baba Alhassan, wanda duk lokacin da na ji Bature ya kira sunansa sai in ji kamar a unguwarmu nake. Kocinsu na lokacin ɗan Saifurus ne, sun ɗauki lig a 2024 da 2025. Amma kowa a garin nan ya san mai ƙungiyar ba ya barin koci ya sha ruwa, shi da kansa yake fitowa talabijin yana faɗin wanda zai buga da wanda za a cire. Wannan hali nasa bai kwanta mini ba, saurayin ma da yake kare ƙungiyar ba ya kare shi a nan.

In ka tambaye ni, jama'a da ƙwallo suna wajen FCSB, suna da tauraro suna wajen soja, mutanen da Kawu yake nufi kuwa sun tsufa, golansu yana ƙasa. Na faɗa wa abokan aikin nawa haka, duka biyun suka ji haushina, wanda ya sa nake zaton ban yi nisa da gaskiya ba.

Saboda haka ka tambayar mini Kawu: mai suna yake so ko mai cin kofi? Ta soja an rubuta Steaua ɓaro-ɓaro a ƙirji, ɗayar haruffa huɗu ne da zai riƙa yi wa mutanen majalisa bayani kullum. Ni dai na fi karkata ga ta farkon saboda shi, amma kada in saya ya ce ba ita ba. Ka kuma auna mini faɗin kafaɗarsa, don na ga hoton sallah, Kawu ya ƙara jiki. Akwai wani ɗan Zariya da ya gama karatu zai dawo wata mai zuwa, shi zan ba, tare da takalmin Baba da man zafin Inna.

Ka gaida matarka da yara, da duk wanda ya tambaye ni. A ci gaba da sa ni a addu'a, takardun zamana suna hannun hukuma ana sabuntawa.

Wassalam.

Ni ne ƙaninka.