Rahoton Ayyukan Shekara: Yadda Muka Kai Labarin Ƙwayar Zarra Unguwanni

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi.

A taron bara mun yi matsaya cewa bana za mu fita daga ɗakin karatu, mu kai wa jama'ar gari labarin manyan gwaje-gwajen kimiyyar ƙwayar zarra, da Hausa. Ga abin da ya samu.

Mun fara da makarantun sakandare a Samaru da Tudun Wada, ɗauke da hotunan CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra ta ƙasashen Turai da ke kusa da Jeniba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. Mun gaya wa ɗalibai cewa injin da ke gwara ƙwayoyin furoton (ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra) da juna yana cikin rami mai zagayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, an kunna shi a 2008, kuma furoton kan kewaye shi fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda. Yara suka kwafe a littafi tsaf, amma fuskokinsu ba su motsa ba. Sai da wani memba ya ce tsawon ramin ya kai kusan sulusin tafiyar Zariya zuwa Kaduna aka ji "kai!" daga bayan aji. Daga ranar muka rage zuba lambobi.

Abin da ya ci kasuwa shi ne akwatin hazo. Kwandon gilashi ne da tsumma jiƙe da sifirit a samansa, busasshiyar ƙanƙara (daskararriyar iskar carbon dioxide) a ƙasansa, sai tocila. Samun ƙanƙarar ya ba mu wuya, ta farko ma ta ƙare a mota kafin a iso da ita. A karo na biyu, a wani zaure a Ƙofar Doka bayan isha'i, an ɗauke wuta, duhun kuwa ya yi mana rana. Mutane suka sunkuya suna kallon siraran layuka kamar zaren gizo suna bayyana suna ɓacewa. Muka ce musu sawun miyon ne, ƙwayoyin da ke samuwa idan haskoki daga sararin samaniya suka bugi iskar sama, kuma suna ratsa jikinmu dare da rana. Wani dattijo ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Yaro, kana nufin har yanzu da nake zaune?" Muka ce ƙwarai, Baba. Sai ya yi tasbihi.

Inda muka sha tambayoyi shi ne kan ƙwayar Higgs, wadda aka sanar da gano ta a CERN ranar 4 ga Yuli, 2012, kuma ita ce shaidar abin nan da ya cika sarari yake ba ƙwayoyi nauyi. Jaridu sun yayata wani suna da ya jingina ta ga Ubangiji, wasu kuma sun ga bidiyo a WhatsApp cewa ƙofar aljannu ake buɗewa a can. Kwamiti ya hana amfani da wannan laƙabi a tarukanmu, kuma mun bayyana cewa shi kansa Peter Higgs, masanin da aka sa wa ƙwayar sunansa, bai so shi ba. Wajen bayani mun ari dabarar David Miller, wanda ya amsa ƙalubalen ministan kimiyya na Birtaniya a 1993 na a fayyace lamarin a shafi guda, muka sa mata rigar gida: baƙo kan ratsa kasuwar Sabon Gari cikin hanzari, sanannen attajiri kuwa masu gaisuwa ne ke rage masa sauri. Haka wasu ƙwayoyi ke samun nauyi fiye da wasu. A ganina misalin bai cika ba, amma ya fi shiru.

Masu cewa "me zai ƙare mu da shi?" mun tuna musu cewa a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, kuma nan Zariya akwai na'urar binciken nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello tun 2004. Da yawa ba su taɓa ji ba.

Shirin rediyo da muka yi alkawari bai yiwu ba, kuɗi ne babu. Ma'aji zai karanta lissafi, masu bashin kuɗin wata kuma sun san kansu.

Baɗi za a haɗa akwatin hazo na biyu domin makarantun 'yan mata, kuma 'yan uwa mata ne za su jagoranta. Sannan har yau ba mu daidaita kan kalmar Hausa ta abin da ya cika sarari yake ba ƙwayoyi nauyi ba: wasu na cewa "fili", wasu "shimfiɗa". Kowa ya zo da tasa ranar taro.

Sakatare