Wasiƙar Godiya ga Shagon Gyaran Bindiga na Unguwarmu a Wisconsin

Zuwa ga mai shago da ma'aikatansa,

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne domin in yi muku godiya a bainar jama'a kan aikin da kuka yi wa bindigar farautata, makonni kaɗan kafin buɗe farautar barewa ta kwana 9 da jihar Wisconsin ke yi kowane watan Nuwamba.

Na zo muku da tabbacin cewa madubin hangen da ke bisa bindigar ya lalace, domin ɓangarensa na baya, wanda ake kara ido a kai, yana girgiɗi idan aka taɓa shi, kuma a filin gwaji harsasaina sun watsu da faɗin kusan inci 4 a nisan yadi 100, alhali a da ba sa wuce inci 1 da rabi. Kuɗin sabon madubi ma yana aljihuna.

Maimakon ku karɓi kuɗin, sai babban mai gyaranku ya ɗaure bindigar a kan tebur, ya saita gicciyen cikin madubin, wato siraran layukan da ake auna abin harbi da su, a kan wani ɗigo da ke jikin bango, ya ce in leƙa yayin da yake motsa wurin da ke girgiɗin. Hoton ya ɗan yi rawa, amma gicciyen bai bar ɗigon ba ko kaɗan. Ya bayyana mini cewa gilashin baya aikinsa ƙara girman abin da ya riga ya haɗu a gabansa, wato hoton abin harbi da gicciyen tare, saboda haka idan shi kaɗai ya motsa, su biyun tare suke motsawa, saiti kuwa yana nan inda yake. Ya ƙara da cewa matsala takan taso ne a madubin da aka liƙa gicciyensa a jikin wannan ɓangaren na baya, domin a nan duk motsin da ya yi sai ya ja saiti. Ni da na shekara ina farauta ban taɓa jin wannan bambanci ba, kuma na ji daɗin yadda ya nuna mini da idona maimakon ya ce in yarda kawai.

Ashe ainihin ciwon yana ƙasa. Sukurori biyu na gindin da ke riƙe madubin a jikin bindiga sun yi sako-sako saboda turin da bindiga ke yi a kowane harbi, don haka madubin gaba ɗaya yake gocewa kaɗan-kaɗan. Ya kwance su, ya goge maiƙon da ke zarensu, ya ɗiga musu shuɗin Loctite, wato ruwan manne da ke hana sukurori kwancewa, sannan ya ɗaure su da maɗauri mai awo daidai ƙarfin da kamfanin ya ƙayyade, yana mai gargaɗina cewa matse zobban da ke riƙe madubin a kan gindin fiye da kima yakan danne bututun madubin har ya hana maɓallan saiti aiki. Daga nan ya sa na kalli sararin sama ta madubin, ya murza gilashin baya har gicciyen ya fito tar a idona, ya kulle shi da zobensa.

Da na koma filin gwaji, harsasai 5 sun taru cikin inci 1 da ɗan kai. Abin da kuka karɓa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da na tanada ba. Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka.

Naku,
Wani maharbi, mazaunin Wisconsin