Amsa ga Malamin da ya tambaya wa ke biya na

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayarka ta iso ni, kuma ba ni kaɗai ta iso ba, tunda a gidan rediyo ka ga dama ka yi ta alhali lambar wayata tana hannunka. Saboda waɗanda ba su ji ba: na yi lacca na ce akwai matan ƙasar nan da suka share hanya a manyan al'amura, amma tarihinmu ya yi musu rowa. Kai kuma ka ce, ban da Sarauniya Amina da Nana Asma'u, in kawo maka mace ɗaya da ta fara wani abin a zo a gani. Ka ce Aminar ma rabinta tatsuniya ce. Sannan ka rufe da cewa in faɗa wa jama'a wace ƙungiyar Turawa ce ke biya na ina tono "jarumai mata" don in hure wa 'ya'yan mutane kunne.

Ta Amina ba za mu daɗe a kanta ba. Masana sun saɓa kan ƙarnin da ta rayu, amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri. In kana da ja, da shi za ka yi.

Ta ƙarshen ce ta yi mini ciwo, kuma na san don ta yi ciwon ka faɗe ta. Na tsufa da alli a hannu a garin nan. Cikin yaran da suka zauna a gabana akwai waɗanda yau suke jan sallah, akwai masu zaman alƙalanci, babu wanda ya taɓa cewa na ɓata masa tarbiyya. Sai yau da furfura ta cika mini kai za a mai da ni 'yar kwangila, don kawai na ce a karanta tarihin iyayenmu mata.

Malam, wannan gardamar ta girmi zuwan Turawa. Wajen 1786, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana zagayen wa'azi, wani malamin Barno mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da baitoci yana sukar sa kan barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa, shi ma a waƙe, yana nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi abin da ake gudu muni. Yana nan a littafin Abdullahin, Tazyinul Waraƙati, wanda na tabbata yana cikin kabad ɗinka. A littafinsa Nurul Albabi kuwa Shehu da kansa ya yi kaca-kaca da malaman da ke tara ɗalibai a zaure don suna, su bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin gida ba su san hukuncin alwala ba. Turawan Ingila ba su ci Sakkwato ba sai 1903. To wace ƙungiya ce ta biya Abdullahin Gwandu?

Ka ambaci Nana Asma'u ne don ka rufe ƙofa da sunanta, wai an ba mu ɗaya, mu yi shiru. Ni kuwa ita ce babbar hujjata. Kowa ya san sunan, an liƙa shi a makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma tambayi ɗalibar da ke kwana a ciki ta kawo maka baiti ɗaya. Matar nan da aka haifa a 1793 ta bar rubuce-rubuce fiye da 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Aikinta mafi girma ma ba a takarda yake ba. Daga wajajen 1830 ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Malfar nan a da alamar Inna ce ta Gobir, uwar 'yan bori. Asma'u ta ɗauki abin da matan karkara suka saba girmamawa ta mai da shi alamar ilimi. Jajin takan jagoranci 'yan mata da tsofaffi, su yi tafiyar ƙasa zuwa wurinta ɗauke da zuma da hatsi da man shanu na sadaka, su haddace waƙoƙin tauhidi da fiƙihu da tarihi, su koma su koyar da matan aure da ba sa iya fita. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon tsarin.

Ka nemi suna ɗaya. Ga Maryamu. Ga jaji Hauwa'u, wadda Asma'u da kanta ta yi wa waƙar ta'aziyya. Sauran jajojin da suka yi ta taka sawu rani da damina fa, wa ya rubuta sunayensu? Wannan shi ne abin da na kira rowa a laccata.

In kuma Turawa kake so mu taɓo, ga inda kunyar take. Waƙoƙin Asma'u suna nan a gidan marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda jininta ne, amma sai da wata Baturiya, Jean Boyd, ta zauna a gabansa ta yi shekaru tana tattarawa kafin duniya ta ga littafi a kanta a 1989, sannan tarin ayyukanta a 1997 tare da Beverly Mack. Allah ya saka wa Waziri da ya buɗe taskarsa. Mu da muka gaji kayan muna ina? Muna gidan rediyo muna tambayar wa ke biyan wa.

Ga kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. An haife ta a 1933, ta shiga jam'iyyar adawa ta NEPU tana 'yar shekara 17, ta shugabanci ɓangaren mata. Ta sha duka, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta har sau 16, babban laifinta shi ne tana tara mata tana ce musu suna da haƙƙin zaɓe da na karatu. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna kallo, domin jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa a lokacin ta ƙi. Sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa, suka shiga babban zaɓe a 1979. Yau duk ɗan siyasar da ke rabon atamfa da sabulu don layin mata ya fi na maza tsawo, guminta yake ci. Na ga wasu masu wa'azi ma suna tsayawa kusa da 'yan siyasar a dandamali suna kiran mata su fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu. Ban kama suna ba.

Sauran a taƙaice. Ladi Kwali, Bagwariya, ita ce mace ta farko da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ciro naira 20 ka juya bayanta, tana nan. Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Nijar ta yau, ta tari rundunar Faransawa ta hafsoshi Voulet da Chanoine a 1899, lokacin da garuruwa da dama suka miƙa wuya. Ita ma ko Turawan ne suka biya ta ta yaƙe su?

Abin da ya fi tambayarka ɓata mini rai shi ne yadda ta sami masu tafa mata. Ba laifin yaran ba ne. An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu aka shafe shekaru, da aka dawo da shi kuma jerin sarakuna da gwamnoni ne, mace sai a layi biyu a ƙasan shafi. Wanda ya tashi a haka, in ya ji an ce jaji ko Gambo, dole ya ɗauka daga waje aka shigo da su. Irin waɗannan ne ke girma su je majalisa, kamar ta tarayya wadda a watan Maris na 2022 ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a zama ɗaya.

Tunda kana da fili a rediyo duk mako, ni kuma ba ni da shi, ga roƙona: ka ɗauko Nurul Albabi, ka karanta wa masu sauraronka wurin da Shehu ya yi magana kan karatun mata, ka fassara shi yadda yake ba tare da ka tsallake layi ba. In naka ya ɓace, aiko yaro ya karɓi nawa.

Wassalam.
'Yar'uwarka, malamar tarihi, daga Zariya.