A Koma ga Darasin Samaru: Wasan Kwaikwayo Ya Shiga Unguwannin Talakawa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida taka mai farin jini, domin in yi magana a kan horar da matasan unguwannin talakawa wasan kwaikwayo, al'amarin da mutane da dama ke ɗauka shiririta ne, alhali ni da na yi shekaru ina koyarwa a makarantar firamare a ƙasar Zazzau na ga amfaninsa da idona.

A shekarar 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a ƙarƙashin Michael Etherton. Shi da abokan aikinsa, irin su Brian Crow da Salihu Bappa, ba su yarda ɗalibai su tsaya a cikin jami'a suna yi wa junansu wasa da Turanci ba. Sai suka tura su cikin garin Samaru, daga baya kuma ƙauyuka. A 1977, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke ta yekuwar kowa ya koma gona, aka yi Wasan Manoma a ƙasar Soba, sannan aka je Maska da Bomo. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: a je a zauna da mutane, a ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ko takin zamani ne da ba ya isowa hannun manomi, ko rashin ruwa mai tsabta, ko rikicin gona, sai a shirya wasa da Hausa a kan matsalar, a yi shi a dandali, a kuma zauna a tattauna.

Abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne gyaran da malaman suka yi wa kansu. Da farko ɗalibai ne ke zuwa su yi wasa, mutanen ƙauye su yi dariya su tafa, mota ta kwashi baƙi, matsala kuma ta kwana inda take. Da aka gane haka, sai aka juya ga sa manoman su shiga wasan da kansu, su ƙirƙiri labarin, su fito a matsayin dillali ko malamin gona ko mai unguwa. Mutumin da ba zai iya buɗe baki a gaban dagaci ba, idan ya sa babbar riga ya kwaikwayi mai iko, sai ka ji ya faɗi abin da ya daɗe a ransa, jama'a kuma su amsa masa. Wannan horon nake nufi, wanda yake barin ƙwarewa a hannun mutanen gari bayan baƙi sun tafi. Irin wannan aiki ne Farfesa Oga Steve Abah na wannan jami'a ya ci gaba da shi shekara da shekaru.

Na gwada ɗan abin da na iya da yaran unguwarmu waɗanda suka bar makaranta, a lokacin da shan maganin tari mai sinadarin kodin ya addabi matasa kafin gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Ba zan ce wasa ya raba kowa da ƙwaya ba. Amma yaron da dole ya zo atisaye ƙarfe huɗu, ya haddace maganarsa, ya jira abokinsa ya gama kafin ya karɓa, ya koyi cika alkawari da haƙuri da aiki tare da wasu. Akwai wata uwa da ta ce mini sai a ranar wasan ta fara jin ɗanta ya yi magana mai tsawo a gaban manya.

Na san damuwar iyaye da malamai game da tarbiyya, kuma ban raina ta ba, musamman ganin yadda aka yi ta muhawara har aka fasa gina dandalin shirya finafinai a Kano a 2016. Sai dai abin da nake kira a kai ba neman suna ba ne a Kannywood. Ya fi kusa da tashen da muka taso muna yi a watan azumi, inda yara ke yi wa manya hannunka-mai-sanda cikin raha. Marigayi Malam Aminu Kano ma ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen wayar da kan talakawa. Ana iya yin sa da rana, a gaban iyaye, mata da nasu rukunin, da sanin liman da mai unguwa.

Don haka ina kira ga ƙananan hukumomi da ma'aikatun matasa na jihohinmu su nemi sassan wasan kwaikwayo na jami'o'i da kwalejojin ilimi, a riƙa turo ɗalibai suna horar da matasa a unguwanni lokacin hutu. Harabar makarantar firamare ta isa wurin atisaye. Abin da nake roƙo a kiyaye shi ne kada a mayar da yaran 'yan amshin shatan gwamnati, a rubuto musu saƙo daga ofis. A bar su su zaɓi matsalar da za su yi wasa a kanta, kuma shugaban ƙaramar hukuma ya zo ya zauna a tabarma ya kalla har ƙarshe.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Samaru, Zariya.