Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Wannan Shekara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Rahoton bana ya makara, saboda sai da muka jira kuɗin wata-wata kafin Ma'aji ya iya rufe lissafi, kuma har yanzu bai rufu ba.

An yi tarukan wata kamar yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage.

Aikin da ya fi faranta mana rai shi ne zagayen da muka kai matasanmu cikin birni. Da sanyin safiya muka hau Dutsen Dala, daga can sama aka nuna musu Goron Dutse da ragowar badala, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya soma ta. Da yawansu an haife su a Kano, sun girma a Kano, amma ranar ce suka fara taka Dala. Daga nan muka wuce Gidan Makama, suka ga sulke da kwalkwali da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903.

A karofin Ƙofar Mata ne abin da muka kafa ƙungiyar nan dominsa ya bayyana. Wani dattijon marini ya zauna a bakin rijiya yana yi musu bayanin yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, a bar su kwanaki su ruɓa kafin a soma rini. Ya tsoma ƙyalle ya ɗago, sai ga shi kore-kore, kafin a jima ya rikiɗe shuɗi a gaban idonsu. Wani yaro ya ce, "Baba, me ya juya shi?" Dattijon ya ce iska ce. Yaron bai gamsu ba, ya nemi a bar shi ya rufe gefen ƙyallen da tafin hannunsa ya gani ko nan ɗin ma zai juya. Aka bar shi. Hannunsa ya kwana biyu da shuni, amma amsar da ya samu ba wanda ya ba shi ita.

Sai wata yarinya ta ji an ce karofin yana nan tun 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta tambaya cikin ladabi wa ya rubuta wannan shekara, kuma a ina. Daga tambayar nan muka samu muhawarar yamma: me za a riƙa daga tarihin baka, me za a riƙa daga rubutacce? Wasu suka ce abin da ba a rubuta ba ba hujja ba ne. Wasu suka ce marubucin ma daga bakin wani ya ji. Har magariba ta yi ba su daidaita ba, mu kuma ba mu raba musu gardama ba, da gangan.

Na san akwai iyayen da suka yi ƙorafin muna koya wa yara ja da na gaba. Na amsa musu a taro, ina kuma maimaitawa. Yarinyar nan a durƙushe ta gaida dattijon kafin ta yi tambaya, shi kuwa har addu'a ya yi mata. Yaron da bai iya cewa "daga ina aka samo?" ba, shi ne duk abin da aka turo masa a waya yake haɗiyewa ya tura wa wani.

Ayyuka biyu ba su kammalu ba, kuma ina jin ana ta maganganu a bayan fage. Ɗaukar muryoyin tsofaffi na tatsuniya da kirarin sana'o'i ya tsaya ne saboda wayar aro muke amfani da ita, mai ita kuma ya karɓi abarsa. Abin da muka ɗauka yana nan a ajiye, ba abin da ya salwanta. Amma ɗaya daga cikin tsofaffin da muka yi wa alkawarin komawa Allah ya yi mata rasuwa kafin mu koma, wannan kuwa har yanzu yana ci mini rai. Ajin ajami kuma, makarantar da ta ba mu ɗaki ta janye bayan mun riga mun sanar da yara. Bikin Ranar Hausa ta Duniya na 26 ga Agusta ma a tsakar gidan Shugaba muka yi shi, don ba mu da kuɗin kama zaure.

Kowa ya san yadda hayar mota ta koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, amma kuɗin watanmu bai motsa ba, shi ɗin ma ba a biya. Motar zagayen nan daga aljihun 'yan kwamiti ta fito. Akwai waɗanda ba mu ga ƙeyarsu ba duk shekara, sai da hotuna suka fita suka riƙa tambayar me ya sa ba a tafi da 'ya'yansu ba. An sanar sau uku. Na gaji da bin mutane gida-gida kamar mai bin bashi, alhali ni ma aikin sa-kai nake yi kamar kowa.

Mai bashi a kansa ya ga Ma'aji kafin taro mai zuwa. A taron za a yanke ko mu sayi na'urar ɗaukar murya tamu, kuma muna neman mutum biyu da za su riƙe ajin ajami in an samu ɗaki.

Wassalam,
Sakatare