Lasifika shida, sauti biyu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in faɗi abin da nake gani a shagona na gyaran rediyo da amfilifaya a nan Garwa.

Makon jiya wani magidanci ya kawo mini kayan sautinsa masu lasifika shida, yana kukan cewa biyun baya sun mutu. Na gwada su, lafiyarsu ƙalau. Matsalar tana cikin fulas ɗinsa. Tsarin da ake kira 5.1, wanda kamfanin Dolby ya kai nasa samfurin gidajen silima a 1992, kamfanin DTS ya biyo baya a 1993, yana raba sauti gida shida: hagu da dama, tsakiya inda maganar 'yan wasa ke fitowa, biyu a bayan mai kallo, sai ɗaya na rugugi. Finafinan da masu turi suke zuba mana a kasuwa kuwa, galibi an riga an haɗe shidan nan sun koma biyu, an kuma matse su domin su shiga waya.

Matsewar nan ita ta fi damuna, domin abin da aka cire ba ya dawowa. Faifan CD yana ɗauke da kilobit (ma'aunin yawan bayanan sauti) 1,411 a kowace daƙiƙa, MP3 ɗin da muka saba da shi kuwa 128, wato kusan kashi ɗaya cikin 11. Dabarar, wadda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi fice a kanta, ita ce ƙara mai ƙarfi tana danne ƙaramar da ke kusa da ita a kunne, sai a zubar da ƙaramar. Idan sau ɗaya aka yi, kunne bai cika ganewa ba, amma duk lokacin da aka sake juya abin da aka riga aka matse, sai ya ƙara zubewa.

Kwanan baya na saurari wani tsohon kaset na hawan salla a fadar lamiɗo da aka juya haka. Algaita ta koma kamar ana busa ta cikin gwangwani, amon kakaki ya dushe, kaset ɗin asali kuma an yar da shi. Haka ake yi wa tafsirin malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.

Ina roƙon gidajen rediyo da masu situdiyo su riƙa ajiye kwafin farko a WAV ko FLAC, nau'o'in fayil ɗin sauti waɗanda ba sa zubar da komai, sannan su ciro MP3 daga ciki domin rabawa, kaset ɗin kuma a adana shi inda zafi da ƙura ba za su kai ba.

Naka,
Mai gyaran rediyo,
Garwa, Kamaru